Wanda ya riƙe sitiyari ana tura mota, tuƙi yake yi a idon kotu?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice. Motar maƙwabcinsu ta mutu a tsakiyar titi da yamma, batir ya ƙi, samarin unguwa suka taru suna turawa. Ƙanensa, wanda ya iya mota amma bai yi lasisi ba, shi ne ya shiga ya riƙe sitiyari yana taka birki har aka kai ta bakin garejin bakanike. Da dare gardama ta kaure a majalisa. Wasu suka ce da jami'an hanya sun gan shi, da sun kama shi da laifin tuƙi babu lasisi. Mai tambayar ya ce ai wannan ba tuƙi ba ne, tunda injin a kashe yake. Yana so ya san wa ke da gaskiya, kuma ina alƙali yake samo ma'anar kalmomi irin su tuƙi, mota da hanya.

Malam, abokan gardamarka sun fi ka kusa da gaskiya. Mutumin da ya zauna a kujerar direba, hannunsa a kan sitiyari, ƙafarsa a kan birki, motar kuma tana tafiya, kotunan da suka duba irin wannan lamari sun ɗauke shi mai tuƙi, ko injin yana aiki ko ba ya yi. Sai dai hanyar da aka bi aka kai ga wannan amsa za ta fi yi maka amfani, domin gobe wata kalmar ce za ta taso a majalisarku, ko ma a gaban majistare.

Fara da harshenmu. Muna tuƙa mota, masunta na tuƙa kwalekwale, mata na tuƙa tuwo. Keke yana iya zama na hawa, na ɗinki, na guragu, ko A Daidaita Sahu da ake kira keke napep. Jirgi a da na ruwa ne kaɗai. Da na ƙasa ya iso Kano a 1911 aka ara masa sunan, da na sama ya sauka a 1925 aka sake ara masa. To a ce doka ta hana hawa keke a wani titi. Babu mai hankalin da zai ce tela ya shiga ciki. Mai keken guragu fa? Mai napep fa? Nan ne ake buƙatar alƙali. Wanda ya taɓa zama gaban malaman usulul fiƙihi ma ba zai ji wannan baƙo ba, domin sun daɗe suna rarrabe ma'anar kalma a lugga, da ma'anarta a al'adar mutane, da ma'anarta a shari'a. Salla a asalin Larabci addu'a ce, shari'a ta ba ta wata ma'ana ta musamman. Dabba a lugga duk abin da ke tafiya a doron ƙasa ne, al'ada ta taƙaita ta. Aikin alƙalin kotun zamani a kan dokar hanya ɗan'uwan wannan aikin ne.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe tun daga farko: dokokin hanya a Najeriya da Turanci aka rubuta su, kuma kalmar Turancin ce alƙali yake fassarawa, ba abin da tafinta ya faɗa maka da Hausa ba. Yawancin waɗannan kalmomi daga dokokin Ingila aka kwaso su tun zamanin mulkin mallaka. Tun 1963 aka daina ɗaukaka ƙara daga Najeriya zuwa Landan, don haka hukuncin kotun Ingila ba ya ɗaure alƙalinmu. Amma idan lafazin dokarmu ya yi daidai da nasu, lauyoyi suna kawo hukunce-hukuncensu a matsayin hujja, alƙalai kuma suna saurara. Shi ya sa yawancin misalan da zan ba ka daga can suke.

Matakin farko da alƙali yake ɗauka shi ne ya buɗe sashen fassara na dokar kanta. Kusan kowace doka tana da shi, wani lokaci a farko, wani lokaci a ƙarshe, inda ake cewa a cikin wannan doka kalma kaza tana nufin kaza. Idan majalisa ta riga ta ba kalma ma'ana, zance ya ƙare, ko da ma'anar ta saɓa wa ta kan titi. Akwai kuma bambanci mai girma tsakanin doka ta ce kalma "tana nufin" kaza da ta ce "ta haɗa da" kaza. Ta farko ta rufe ƙofa, abin da aka lissafa shi ke nan. Ta biyu ta bar ƙofa a buɗe, abin da aka lissafa ƙari ne a kan ma'anar da kowa ya sani. Na ga shari'o'in da suka rataya a kan wannan bambanci kaɗai. Idan dokar ta yi shiru, sai a koma ga ma'anar da mutum mai hankali yake ba kalmar a maganar yau da kullum, sannan a dubi kalmomin da ke maƙwabtaka da ita, sannan a tambayi ɓarnar da majalisa ta so toshewa.

Kalmar tuƙi tana cikin waɗanda dokar Ingila ba ta ba su cikakkiyar ma'ana ba, sai kotuna suka gina ta shari'a bayan shari'a. A 1948, a shari'ar Saycell da Bool, wani mai babbar mota da kotu ta hana shi tuƙi ya tura motarsa, wadda babu mai a tankinta, ya hau kujerar direba, ya bar ta ta gangara zuwa gareji. Ya ce injin bai tashi ba. Kotu ta ce ya yi tuƙi. Hujjar a fili take: mota mai gangarawa babu inji tana iya take yaro kamar wadda injinta ke ruri, kuma wanda ke riƙe da sitiyari da birki shi ne rayukan mutane ke hannunsa. Daga baya, a shari'ar McQuaid da Anderton, aka faɗi haka game da wanda ke zaune a motar da ake ja da igiya, muddin yana juya sitiyari kuma yana da birki. Wannan ita ce ta fi kama da ta ƙanenka. Ƙarfin da ke motsa motar na samarin unguwa ne, amma ikon sarrafa ta nasa ne.

Inda abin ya yi wuya shi ne mutumin da bai shiga motar ba. A 1974 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta duba shari'ar MacDonagh, wanda shi ma an hana shi tuƙi. Ɗan sanda ya ce masa ya kawar da motarsa daga inda take. Shi ya ce abin da ya yi shi ne ya tsaya a ƙasa da ƙafafunsa biyu, ya jingina kafaɗa a jikin motar yana turawa, hannu ɗaya a kan sitiyari. Kotu ta ce tuƙi shi ne amfani da kayan sarrafa mota don juya tafiyarta, ko da mene ne ke motsa ta, amma ta ƙara sharaɗi: dole abin ya zama wanda mutane za su kira tuƙi a maganarsu ta yau da kullum. Wanda ke tafiya a ƙasa yana turi, turi yake yi. Aka soke hukuncin da aka yi masa. To amma shekara 5 kafin nan, a 1969, kotun Sikotilan ta duba kusan irin wannan a shari'ar Ames da MacLeod: mai ya ƙare wa mutum, ya fito yana tafiya a gefen motar tana gangarawa, yana juya sitiyari da hannu ɗaya. Alƙalan can suka ce ya yi tuƙi, domin shi ke da iko da tafiyar motar da inda ta nufa. Tsibiri ɗaya, dokar hanya ɗaya, kalma ɗaya, amsa biyu.

Ni a ganina alƙalan Ingila sun fi dacewa a nan. Idan aka bi ma'aunin iko da mota shi kaɗai, to duk mai taimakon da ya miƙa hannu ta taga ya ɗan karkata sitiyari don kada motar ta faɗa kwata ya zama direba, kuma dokar da ke hukunta mutum a kan abin da babu mai kiransa tuƙi ta yi nisa da mutanen da aka yi ta dominsu. Sai dai wannan sassauci bai isa ga ƙanenka ba, tunda shi a ciki yake zaune. Ka kuma sani mota ɗaya tana iya samun direba biyu a lokaci guda: kotun Ingila ta taɓa ɗaukar mai koyo da mai koya masa duka a matsayin masu tuƙi, saboda mai koyarwar yana riƙe da sitiyari da birkin hannu daga kujerarsa.

Yanzu ga kalmar abin hawa, wadda tarihinta ya fi tsawo. A 1835 majalisar Ingila ta yi dokar manyan hanyoyi da ta hana gudun ganganci da keken doki. A lokacin babu keken hawa irin wanda muka sani. A 1879 wani mutum ya sheƙo da gudu a kan keke a wata unguwa ta Landan ya buge mai tafiya a ƙasa. Lauyansa ya ce majalisar 1835 ba za ta yi nufin abin da ba a ƙirƙira ba tukuna. A wannan shari'a, Taylor da Goodwin, kotu ta ce kalmar da dokar ta yi amfani da ita tana da faɗin da za ta ɗauki duk abin da ke ɗaukar mutum a kan hanya, kuma abin da dokar ta zo hanawa shi ne jefa masu tafiya cikin haɗari. Aka same shi da laifi. Shekara guda bayan haka, a 1880, aka kawo shari'ar Williams da Ellis: mai karɓar kuɗin shinge ya nemi mai keke ya biya kuɗin da dokar shingen ta ɗora wa kekunan doki da masu tafiya da tururi ko wani ƙarfi. Kotu ta ce keken hawa ba ya ciki. Mai karatu na iya cewa alƙalan sun yi tufka da warwara. Ba su yi ba. Dokar farko ta kare rayuka ce, ta biyu ta karɓar kuɗi ce, kuma ƙa'ida ce cewa ba a ɗora wa mutum haraji sai da lafazi bayyananne. Abu ɗaya yana iya zama abin hawa a wannan doka, a waccan kuma bai zama ba. Wannan shi ne abin da mutane suka fi kasa karɓa idan na yi musu bayani a ofis, alhali shi ne ginshiƙin al'amarin.

Zancen keke bai tsaya nan ba. A 1950 aka kama wani mutum a garin Ilfracombe yana tura kekensa a buge, aka tuhume shi da dokar 1872 da ta hana mai maye kula da keken doki, ko doki, ko shanu, ko injin tururi a kan hanya. A shari'ar Corkery da Carpenter kotu ta ce keken hawa yana ciki, ta tabbatar da ɗaurin wata guda. Amma a 1980, a shari'ar Crank da Brooks, wata mota ta buge mai tura keke a wurin tsallaka titi na masu tafiya a ƙasa, direban ya ce mai keke ba mai tafiya a ƙasa ba ne, don haka ba dole ya tsaya ba. Kotu ta ce wanda ya sauka yana turi da ƙafafunsa biyu a ƙasa mai tafiya ne, riƙe keke bai canza komai ba. A duka biyun alƙalan sun karkata inda za a fi kare rai. Har akurkin kaji da wani manomi ya sa wa ƙafafun ƙarfe ya ja da tarakta a kan titi, kotun Ingila ta ɗauke shi tirela a shari'ar Garner da Burr, domin dokar ta zo ne ta kare titi daga tayar ƙarfe.

Kada ka ɗauka kullum faɗaɗawa ake yi. Shari'ar da na fi so a wannan fage daga Amurka take. A 1919 majalisarsu ta yi dokar da ta haramta tsallaka iyakar jiha da abin hawa mai inji wanda aka sato, ta lissafa mota, babbar mota, babur, ta rufe da cewa da duk wani abin hawa mai tafiya da ƙarfin kansa wanda ba a ƙera shi don bin layin dogo ba. Wani mai suna McBoyle ya sa aka kai jirgin sama na sata daga jihar Ilinoyi zuwa Okalahoma. Idan aka bi lafazi tsagwaronsa, jirgin sama yana tafiya da ƙarfin kansa, kuma ba ya bin dogo. Ƙananan kotuna suka ɗaure shi shekara 3. A 1931 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya yi bayanin cewa duk abin da aka lissafa masu tafiya ne a ƙasa, kuma idan aka ce abin hawa, hoton da ke zuwa zuciyar mutum na abin da ke bin ƙasa ne. Ya ƙara da cewa ko da ɓarawo ba ya karanta doka kafin ya yi sata, adalci ne doka ta yi wa mutane gargaɗi da harshen da za su fahimta kafin ta hukunta su. Kowa ya san mutumin ba shi da gaskiya, amma aka sake shi, majalisa kuma ta koma ta ƙara jirgin sama cikin dokar a 1945.

Wannan ƙa'ida muna da ita. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a samun mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka. Kotuna kuma suna bin tsohuwar ƙa'idar cewa idan lafazin dokar hukunci yana ɗaukar ma'ana biyu, a zaɓi wadda ta fi sauƙi ga wanda ake tuhuma. Malaman fiƙihu sun riga sun ce shubuha tana kawar da haddi. Ina ganin wajibi ne kowane direba da mai napep ya san wannan sashe, domin laifin da jami'i ya ƙirƙira a bakin titi, wanda ba a iya nuna shi a rubuce, ba laifi ba ne.

Misali na kusa ya faru a Ingila. Dokarsu ta 2003 ta hana amfani da waya a hannu lokacin tuƙi, amma an rubuta ta ne da tunanin kira da aika saƙo. Wani direba ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar bidiyon haɗari yana wucewa. A 2019, a shari'ar Barreto, Babbar Kotu ta ce ɗaukar bidiyo ba sadarwa ba ce, don haka wannan sashen bai kama shi ba, ko da yake ta yi gargaɗin cewa ana iya tuhumar mai yin haka da tuƙin sakaci. A watan Maris na 2022 gwamnati ta gyara dokar ta haɗa da ɗaukar hoto da latse-latsen waya. Haka ya kamata abu ya tafi: kotu ta nuna ɓarakar, masu yin doka su ɗinke ta.

Kalmar mota, wato abin hawa mai inji, ita ma tana da nata rikicin, kuma shi ne zai same mu nan gaba kaɗan, ganin yadda kekuna da ƙananan babura masu batir ke cika kasuwa. Dokar Ingila ta ce abin hawa ne mai tafiya da ƙarfin inji wanda aka nufa ko aka gyara don bin hanya. Nufin wa? Na mai shi, ko na kamfanin da ya ƙera? A 1963, a shari'ar Burns da Currell game da wata 'yar ƙaramar motar tsere, kotu ta ce ba na ko ɗaya ba: a tambayi ko mutum mai hankali da ya kalli abin zai ce ɗaya daga cikin amfaninsa shi ne bin titi. A wannan karon aka ce ba a tabbatar ba. A 2000 aka yi amfani da ma'aunin a kan Go-Ped, wani ɗan faifai mai ƙafa biyu da ƙaramin inji da ake hawa a tsaye. Masu sayar da shi sun rubuta cewa ba don titi aka yi shi ba. Kotu ta ce wannan rubutu bai isa ba, domin kowa ya san a kan titi za a hau shi, saboda haka yana buƙatar lasisi da inshora. A 2011 kuma aka tabbatar da tarar fam 75 a kan wani mutum a garin Barnsley saboda ya hau Segway, wani abin hawa mai batir da ƙafa biyu da ake hawa a tsaye, a gefen masu tafiya a ƙasa, da waccan tsohuwar doka ta 1835. Don haka idan mai shago ya ce maka wannan ba ya buƙatar lamba ko lasisi tunda batir ne, kada ka tsaya a maganarsa. Nemi ka ga yadda dokar jiharku ta fassara abin hawa mai inji. Gwamnatoci ma sun san wannan matsala: da Legas ta taƙaita zirga-zirga a watan Fabrairu na 2020, sai ta ambaci achaba da napep kowanne da sunansa.

Sai kalmar hanya, wadda ta fi taɓa min zuciya, domin a nan waɗanda suka ji rauni ne suke asara. Dokar Ingila ta 1988 ta wajabta inshora ga mai amfani da mota a kan hanya. Wani mutum ya ƙone a cikin motar abokinsa a wani benen ajiye motoci, lokacin da wutar sigari ta kama iskar man ƙyastu da ta tsiyaya a ciki. A 1998 kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin, wato Majalisar Dattawansu, ta ce wurin ajiye motoci ba hanya ba ne, hanya ana bin ta ne daga wani wuri zuwa wani, wurin ajiya kuwa tsayawa ake yi. Don haka ba a tilasta wa kamfanin inshora biyansa ba. A lugga ba su yi kuskure ba, amma ban taɓa jin daɗin wannan hukunci ba. Dokar inshora ta tilas an yi ta ne don kada wanda mota ta raunata ya tashi hannu rabbana, kuma zafin ƙuna ɗaya ne a titi da a wurin ajiya. A 2000 aka gyara dokar aka ƙara "ko wani wurin jama'a". Kotun Tarayyar Turai ta bi ɗaya ɓangaren a 2014, a shari'ar Vnuk: wani mutum a Sulobeniya yana kan tsani yana jera damin ciyawa a rumbu, tarakta mai tirela ta yi baya a farfajiyar gona ta ture tsanin. Kotun ta ce inshorar tilas ta shafi duk amfanin da ya dace da aikin abin hawan, ko da a filin mutum ne. Birtaniya ta ga wannan ya yi faɗi, bayan ficewarta daga Tarayyar ta yi doka a 2022 ta cire shi.

Ko kalmar amfani da mota ba ta tsira ba. A shari'ar Elliott da Grey wani mutum ya ajiye motarsa da ta lalace a bakin titin gidansa, ya cire batir, ya ɗaga ta a kan jak, ya dakatar da inshora. Kotu ta ce har yanzu yana amfani da ita a ma'anar dokar, domin tana kan titi kuma tana iya motsawa ta yi ɓarna. Masu barin matattun motoci a bakin layi shekara da shekaru su lura.

A Najeriya gardamar hanya ta ɗauki wani salo, wato hanyar wa. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, dokar da take aiki da ita yanzu kuma ta 2007 ce. Amma jerin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa Majalisar Tarayya ya ambaci zirga-zirga ne a kan manyan titunan tarayya. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta tabbatar da hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Warri cewa ikon hukumar ya tsaya a titunan tarayya. A watan Oktoba na 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce babu dokar da ta ba jami'an VIO na birnin, wato masu duba lafiyar motoci, ikon tsayar da mota, kwace ta, ko cin tara. Dukansu hukunce-hukunce ne da akwai kotu a samansu, kuma ba su ce mutum ya yi tuƙi babu lasisi ba, sun yi magana ne a kan wa ke da ikon kamawa a ina. A Kano, alal misali, jiha tana da tata hukumar, KAROTA, 'yan sanda kuma suna da ikonsu a ko'ina. Bakin titi ba wurin fassara doka ba ne. Ka karɓi takardar tuhuma, ka duba sashen da aka rubuta, ka kai wa lauya.

Da a ce an kama ƙanenka aka kawo mini shi, abin da zan fara nema shi ne takardar tuhumar, in ga wace doka ce, ta tarayya ko ta jiha, in buɗe sashen fassararta in ga ko ta ba direba ko tuƙi ma'ana. Sai in tambayi inda abin ya faru, titin gwamnati ne da kowa ke bi ko cikin harabar gida. Sai in tambaye shi inda ƙafafunsa suke. Da zai ce a ƙasa suke yana turi, da ina da hujjar MacDonagh. Tunda a kujera yake yana taka birki, gaskiyar da zan faɗa masa ita ce ba musun tuƙi za mu yi ba, sai dai mu roƙi sassauci: taimako ya je yi, motar na tare hanya, tafiyar gajeriya ce, kuma babu wanda ya ji ciwo. Majistare yana da damar duba duk waɗannan wajen yanke tara.

Akwai kuma abin da majalisarku ba ta taɓo ba, wanda ya fi tarar nauyi. Takardun inshorar mota yawanci suna sharɗanta cewa mai tuƙi ya kasance yana da lasisi. Da motar ta ƙwace a gangara ta buge wani ƙanenka yana kan sitiyari, kamfanin zai iya kafa hujja da wannan sharaɗi, kuma ɗawainiyar asibiti da diyya su faɗo a kan maƙwabcinku da ƙanenka. Idan irin haka ta sake faruwa, mai motar ko wani mai lasisi ya zauna a ciki, ƙanenka ya koma baya wajen masu turi, kai kuma ka taimaka masa ya je ya yi lasisinsa tunda ya riga ya iya.